Sukurun Iska

Talata ta uku ke nan a jere da tsohon ya turo babur ɗinsa gareji, kuma yadda ya saba, bai zo da sassafe ba lokacin da layin yake shiru. Sai da hantsi ya dubi ludayi, mai walda ya tayar da injinsa, masu jiran gyara suka cika benci, sannan aka hango shi daga kwana yana tafe yana haki, hula ta karkace, gumi ya jiƙa masa bayan riga.

Bakaniken yana tsugune a gindin wani babur lokacin da ya hango shi. Bugu-ɗaya ake ce masa a layin nan da ma bayan layin. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, hannunsa ne ya samo masa: shekara ashirin da biyu duk babur ɗin da ya fito daga rumfarsa, bugu ɗaya ake yi wa kik, ƙarfen tayar da inji, ya tashi. Ba shi da allo a bakin rumfa, ba ya aika kowa neman masu gyara. Sunan nan shi ne allonsa, shi ne kuma yake ciyar da gidansa. Tsohon da ke turo babur kuwa surukinsa ne, mahaifin matarsa.

"Ina Bugu-ɗayan yake?" in ji tsohon tun kafin ya kafe babur ɗin. Jikinsa ya tsufa amma murya tana nan, don shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu, ya saba kiran mutane daga ƙofar gida. "Ku nuna min shi in yi masa barka. Yau bugu arba'in na yi, ina ƙirgawa. Ya yi tari, ya yi kamar zai tashi, ya mutu. In ma ya tashi na saki totur, sai ya kama kakari kamar akuyar da igiya ta shaƙe, ya sake mutuwa. Wannan shi ne gyaran?"

"Sannu da zuwa, Baba," in ji bakaniken. Ya miƙe, ya goge hannu da tsumma, ya karɓi babur ɗin. "Ga benci, zauna ka huta."

"Hutun me? Ai na huta da hawa babur tun ranar da na fara kawo maka shi. Shekara ashirin da shida ina hawansa, da hannuna nake wanke masa fulogi, bai taɓa kunyata ni ba sai da na ce bari in kawo wa mijin 'yata aiki."

Mai walda ya ɗage baƙin gilashin fuskarsa. "To ai sai a sake suna, Baba. Bugu-arba'in."

Benci ya kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, kuma rashin dariyarsa ya fi dariyar ciwo. Manajan gidan burodin bakin kasuwa ne, mai babura tara da ke kai burodi shaguna. Wata biyu bakaniken yana binsa da gaisuwa, sai yau ya kawo guda ɗaya a gwada hannu. Ya dubi tsohon, ya dubi babur ɗin da ke ɗigar da fetur a ƙasa.

"Baba, sau nawa ka kawo shi?"

"Uku! Kuma surukina ne fa. In ni ya yi min haka, kai bare me kake tsammani?"

Da wani ne ya faɗi wannan magana a rumfar nan, da ya ji abin da bai taɓa ji ba, don Bugu-ɗaya ba a san shi da sanyin baki ba. Ya taɓa tura wa wani mai kuɗi babur ɗinsa tsakiyar titi da inji a kwance, saboda ya kira shi ɗan kwalta, wato bakaniken bakin titi. Amma mutum ba ya ɗaga murya a gaban wanda ya ba shi 'ya. Maganar ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta da zafinta, ya sunkuyar da kai.

"Za a duba, Baba."

"Duba dai, ai ka iya duba. Kuma yau Talata, ranar awon jinin uwarku ce, tana can ta shirya tun safe. Tunda ka hana ni babur, sai ka je ka kai ta asibiti."

Ya juya ya tafi yana bin gefen katanga. Bai yi nisa ba manajan ya kaɗa makullinsa ya ce, "Bari in je in dawo." Irin je-in-dawon da kowa ya san ma'anarsa. A gaban idon bakaniken ya tsallaka titi da babur ɗinsa zuwa rumfar Dogo, mutumin da bai san bambancin ƙarar bawul da ƙarar sarƙa ba. Dogo ya yi tsalle ya kakkaɓe masa kujera.

Abin da ya fi ci wa bakaniken rai shi ne bai yi ha'inci a aikin nan ba. Talatar farko ya bi babur ɗin daki-daki yadda ake bin duk tsohon babur mai wuyar tashi. Ya kwance fulogi ya same shi baƙi ƙirin, a jiƙe da mai, ya sa sabo. Ya wanke soson iska. Ya tsiyaye fetur ɗin tanki a farar kwalba, ya ɗaga ta a rana ko zai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, bai ga ko ɗigo ba. Ya kwance kafireta gaba ɗaya, ya wanke, ya hure kowace kafa, ya mayar, ya saita. Talata ta biyu ya auna bawul, ya gwada wutar kwayil, ya bi robar da ta haɗa kafireta da inji ko ta tsage tana shan iska. Duk lafiya. Abu ɗaya ya samu: sukurun iska na gefen kafireta ya gusa daga inda ya bar shi. Ya ɗauka sifirin ɗin da ke riƙe shi ne ya mutu, jijjigar hanya take juya shi, don haka ya sa sabon sifirin da sabon sukuru, ya hau babur ɗin da kansa ya kai shi har gida, ya miƙa wa Inna, matar tsohon, makulli. Ko sisi bai karɓa ba, kuma godiyar ke nan yau.

Da ya yi wa matarsa ƙorafi a makon jiya, cewa ta yi, "Ka yi haƙuri mana, Baba ne fa." Kamar shi bai san Baba ba ne. Haƙurin ne dai bai ga an taɓa zuba shi a tukunya an sauke ba.

Ya bar aikin da ke hannunsa, ya hau nasa babur ɗin ya je ya ɗauko Inna. Ta hau da ƙyar, ta riƙe ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ledar katin asibiti.

"Sannu, ɗan nan, mun raba ka da aikinka."

"Ba komai, Inna."

Akwai komai, kuma ta ji shi a yadda yake jan totur. Da suka wuce gidan mai ta matso da bakinta kusa da kunnensa saboda iska.

"Ka yi haƙuri da Malam. Ban san abin da ke cinsa ba kwanakin nan. Faɗa da safe, faɗa da yamma. Mutumin da ko ashana zai saya sai ya hau babur, yanzu ya wuni a kujera da rediyo. Wata guda ke nan bai ɗauke ni ba. Na ce masa ko tsohuwar ce ta yi nauyi, ya ce in rufe masa baki."

"Tsakanin Talata da Talata ba ya fita da shi?"

"Ina fa. Yana dai goge shi kullum, ya lulluɓe shi da buhu."

Bakaniken ya sauke ta a ƙofar asibiti. Ya jira ta a ƙarƙashin bishiyar bakin asibiti awa biyu da rabi, yana kallon agogo yana lissafa masu gyaran da za su gaji da zaman benci su tsallaka titi. Da ya mai da ita gida bai shiga ba. Ya ce a gaida Baba, ya juya.

Bencin kuwa ya same shi wayam. Mai walda yana cin abincin rana, ya ɗaga masa cokali. "Sannu da dawowa, Bugu-arba'in."

"Ka sake faɗa, wallahi in haɗa kanka da injin nan naka."

Mai walda ya ga idonsa, ya mai da hankali ga kwanonsa.

Ya jawo babur ɗin tsohon tsakiyar rumfa inda haske yake. Wannan karon bai kwance komai ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma babur ba ya sanin ranar Talata. Ya fara duba mita. Ranar da ya kai babur ɗin gida ya lura da lambar, saboda ta ƙare da bakwai uku a jere. Yau ma bakwai ukun ne, sai ɗan abin da turowar safe ta ƙara. Mako guda cur babur ɗin bai taka titi ba, to wace jijjiga ce za ta juya sukuru?

Sukurun iska ɗan abu ne na tagulla a gefen kafireta, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Shi ke auna iskar da za ta gauraya da mai lokacin da inji yake silo, wato yana aiki a tsaye ba a taɓa totur ba. Ƙa'idarsa a wannan babur, ka murɗa shi ciki har ya tsaya, ka dawo da shi juyi ɗaya da rabi. In ya shige ciki da yawa, iska ta yi kaɗan, mai ya yi yawa, fulogi ya jiƙe, sai mutum ya buga kik har ƙafarsa ta kumbura. Bakaniken ya sa sukudireba ya murɗa ciki yana ƙirgawa. Ko rabin juyi bai yi ba sukurun ya tsaya. Ya dawo da shi ɗaya da rabi, ya goge fulogi, ya mayar, ya taka kik.

Injin ya tashi ya zauna daram, yana bugawa a hankali kamar agogon bango.

Mai walda ya leƙo da cokali a baki. "Ikon Allah. Ko dai aljanu gare shi?"

"Aljanu masu sukudireba."

Ya kashe injin, ya durƙusa, ya kai fuskarsa dab da kafiretan. Sabon sukurun da ya sa da hannunsa kwana bakwai da suka wuce, mai sheƙi, yanzu kansa duk karce-karce ne. Ba kansa kaɗai ba, jikin kafiretan da ke kewaye da shi ma an kakkarce shi, sama da ƙasa, hagu da dama, sababbin zane farare a kan tsohon ƙarfe.

Ya daɗe a durƙushe yana kallo. Wanda ya yi aikin nan ya san babur. Bai taɓa sukurun silo da ke kusa ba, wanda duk ɗan koyo shi yake fara kamawa. Bai ɗaure shi tamau ba, don ya san hakan yana cin tsininsa. Ya murɗa shi daidai inda babur zai yi tari ya mutu ba tare da an ji masa ciwo ba, aikin mai tausayin babur ɗin ne. Amma kafin bakin sukudirebansa ya faɗa tsagar, sai da ya kuskure ta fiye da sau goma. Hannun ya san hanya, ido ne bai raka shi ba.

Ya ɗaga kujerar babur ɗin ya ciro 'yar jakar kayan aikin tsohon, wadda ta yi baƙi don tsufa. Bakin ƙaramin sukudireban ciki yana ƙyalli da ɓurɓushin tagulla.

Mai karatu zai so a ce tausayi ne ya fara kama shi. Ba tausayi ba ne. Fushi ne, irin wanda ke sa kunne ya yi zafi. Mako uku yana kwana yana juya babur ɗin nan a kansa, yana zargin hannunsa, yana tunanin ko shi ne tsufa ya fara kamawa. Mako uku tsohon yana tsugunawa a tsakar gidansa ya murɗe sukuru, sannan ya turo babur ta tsakiyar layi, ya zaɓi lokacin da benci ya cika, ya wanke shi tas a gaban jama'a. Ya jefar da tsumman hannunsa, ya ja ƙyauren rumfa tun la'asar ba ta yi ba, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka yi masa haihuwa.

Ya shiga gidan surukinsa da babur ɗin a kunne har tsakar gida, ya kafe shi, ya bar shi yana silo. Tsohon yana kujerar roba a ƙarƙashin rumfar kwano, rediyo a cinya. Daga kicin ana jin ƙarar ludayin Inna a tukunya.

"Wa ke nan?" in ji tsohon, alhali bakaniken yana tsaye taku biyar a gabansa, rana tana haska shi.

"Ni ne, Baba."

"Na sani kai ne. Kashe shi, kana cika min gida da hayaƙi. Ai haka yake yi a hannunka, sai ka tafi ya koma gidan jiya."

Bakaniken ya kashe injin. Ya ciro ƙaramin sukudireban daga aljihu, ya matso, ya rage murya yadda ba za ta kai kicin ba.

"Baba, koyo na zo. Ka ce shekara ashirin da shida da hannunka kake gyara shi. Ga sukudirebanka. Saita min sukurun iska yadda kake so, in gani in koya, in daina ɓata maka babur."

"Ni za ka yi wa jarrabawa? A gidana? Kai, rashin kunyar taka ta kai nan?" Tsohon ya ajiye rediyo da ƙarfi har murfin batir ya fita. Ya ɗauko maganar yadda ya ba shi 'ya lokacin da ko sifana biyu bai mallaka ba, ya haɗo da yaran zamani, ya haɗo da ƙarshen duniya. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Bakaniken bai janye hannunsa ba. Yana tsaye, sukudireba a tafin hannu, har faɗan ya ƙare don kansa.

Sai tsohon ya miƙa hannu. Ya kama iska a gefen hannun bakaniken, ya gyara, ya kama ƙarfen. Ya tashi ya tsuguna a gindin babur ɗin, gwiwoyinsa suna ƙara. Yatsan hagu ya bi jikin kafireta kai tsaye ya sami sukurun, ko lalube bai yi ba. Ya kai bakin sukudireba. Ƙir, ya zame sama. Ya sake. Ƙir, ya zame gefe. Karo na uku ƙarfen ya zame ya yanki yatsan da ke nuna masa hanya, jini ya ɗan tsattsafo. Ya tsaya a tsugune, bai ɗago ba.

"Tun yaushe, Baba?"

Ludayin Inna ya tsaya, ya ci gaba.

"Idon hagun ya daɗe," in ji tsohon, muryar masinjan nan duk ta tafi. "Na daman ne ya biyo shi bana. Kamar an shafa wa gilashi man shanu. Watan jiya na ɗauko ta daga asibiti, tirela tana tsaye a gefen titi, ban gan ta ba sai da na ji zafin injinta a fuskata. Na kauce da ikon Allah. Ita tana baya tana ba ni labarin likita, ba ta ma san abin da ya faru ba." Ya sa yatsan a baki, ya cire. "Ba zan sake ɗaukar ta ba. Kuma ba zan iya ce mata na makance ba. Shekara arba'in da huɗu ni nake kai ta duk inda za ta."

"To ka ce babur ya lalace, ka lulluɓe shi ka bar shi. Me ya kawo ni ciki?"

"In na bar shi za ta ce a kai maka. In ka gyara za ta ce mu tafi."

"Sai ka zo da safe, Baba. Ka zo ka ja ni gefe. Ni da kaina zan cire masa kwayil in ce babu irinsa a kasuwa." Ya ƙara matsowa kusa da shi. "Amma ka jira benci ya cika. Ka san abin da ya tsallaka titi yau? Babura tara. Ka san abin da ake kirana yanzu a layin da na yi shekara ashirin da biyu? Ba ni da gona, ba ni da fansho, sunan nan kaɗai gare ni, da shi nake ciyar da 'yarka da jikokinka. Ga Dogo can, ga bakanikai cike da gari. Me ya sa ni?"

Tsohon ya ɗago. Idanunsa suna kallon wani wuri kusa da kunnen bakaniken.

"Wani zai gane ya faɗa min a gaban mutane. Kai kaɗai ne na san ba za ka rama ba."

Bakaniken ya ji maganar har tafin ƙafarsa. Ashe ladabin da ya yi shekara goma sha tara yana yi, sunkuyar da kai, haɗiye magana, "to Baba, to Baba", duk an auna shi an ga zai ɗauki kaya, shi ya sa aka ɗora masa. Da tsohon zagin uwa ya yi masa da ya fi sauƙi.

"Kada ka gaya mata," in ji tsohon. Ya kamo bakin wandonsa. "Ka ce ya fi ƙarfinka. Kalma ɗaya ce. Kai yaro ne, suna zai dawo."

Labulen kicin ya motsa. Inna ta fito tana goge hannu da gefen zane, fuskarta a sake don ta ji tashin babur ɗazu.

"A'a, ɗan nan, kai ne? Na ji shi yana bugawa lafiya lau. An gano ciwon?"

Tsohon ya saki wandon. Daga inda yake tsaye bakaniken yana jin numfashin tsohon.

Kalma ɗaya ce, gaskiya ne. In ya faɗe ta, kafin magariba matarsa ta ji, kafin gobe layi ya ji, daga bakinsa kuma, ba daga bakin kowa ba. Talata mai zuwa a sake turo babur, ko kuma a daina turowa, tsohon ya zauna a kujerar nan da rediyo har ɗan hasken da ya rage ya ƙare, alhali asibitin da ake kai Inna yana da ɗakin ido a bayan ɗakin awon jini, ya ga allonsa yau da idonsa. Ya dubi farin kan da ke gindin babur ɗin. Har yanzu fushi yake ji, bai ragu ko kaɗan ba.

"An gano, Inna," ya ce. "Babur lafiyarsa ƙalau, bai taɓa lalacewa ba. Talata mai zuwa zan samo mota. Mutum biyu zan kai asibiti, ke awon jini, Baba ɗakin ido."

"Ɗakin ido?"

"Ka tona min asiri," in ji tsohon a hankali. "A gidana, a gaban matata."

"Na rama, Baba."

Bai taɓa mayar masa da magana ba sai yau, kuma bai ji daɗin da ya zata zai ji ba.

Tsohon ya dafa babur ya miƙe. Ya gyara hula, ya juya don ya koma kujerarsa yadda maigida ke komawa in ya gama magana. Ya miƙa hannu baya zai dafa hannun kujerar, ya dafa wurin da babu komai, ya tafi zai faɗi. Bakaniken ya tare shi a gwiwar hannu. Tsohon ya fizge, amma bai san inda zai nufa ba, don haka ya tsaya a nan tsakiyar gidan, kujerar tana taku ɗaya a damansa.

Inna ta daina goge hannu. Ta dubi kujerar, ta dubi mijinta, ta dubi jinin da ke yatsansa. Ta tako a hankali har gabansa, ta tsaya inda ta saba tsayawa in za ta miƙa masa ruwa, ta ɗaga hannu ta kaɗa shi a gaban fuskarsa. Bai ƙifta ba.

"Malam," ta ce, "da wannan idon ka yi ta ɗauka ta?"